Bulon siminti, matsattsen bulon ƙasa, tubali ko jan bulo: lissafin buhu ga mai shirin gini a Zariya

Wanda ya sayi fili a Dakace ko Hanwa ko bayan Samaru, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce bulo nawa zai buga. Ba kasafai yake tsayawa a kan wane irin bulo ba, domin a idon yawancin mutane gini dai na siminti ne, na ƙasa kuwa na kakanni ne ko na wanda bai samu ba. Tsadar siminti ta sa wasu sun fara waiwaye. Abin da ke cin aljihun mai gini kuwa shi ne dai ke ƙara wa sararin samaniya iskar kabon mai ɗumama duniya, saboda haka duk buhun da aka rage, kuɗi sun ragu, hayaƙi ya ragu. Ma'aunin da za a bi a nan ɗaya ne: kilo nawa na siminti, ko wuta nawa, ya shiga murabba'in mita ɗaya na bangon da aka gama, har da kwaɓin jera shi da filastarsa. Sunan kayan kaɗai ba hujja ba ne, kuma lissafin zai nuna inda bulon ƙasa kan ci siminti fiye da bulon siminti.

Ana yin siminti da dutsen farar ƙasa da yumɓu. A kan gasa su a tanderu mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450, su dunƙule su zama ƙwallayen da ake kira kilinka, sannan a niƙa. Hayaƙin iri biyu ne. Akwai na makamashin da aka ƙona, gas ko kwal. Akwai kuma wanda ya fi yawa, wanda ke fita daga jikin dutsen kansa idan ya gasu, ko da me aka hura wutar. Tan ɗaya na kilinka yana sakin iskar kabon sama da kilo 800, kuma masana'antar siminti ita kaɗai ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon ɗin da ɗan Adam ke saki a duniya. Simintin kasuwanninmu galibi an gauraya shi da niƙaƙƙen dutsen da ba a gasa ba, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kabon kilo 30 zuwa 40. A riƙe 35 don sauƙin lissafi. Ban da tirelar da ta ɗauko shi daga Obajana ko Sakkwato ko Ashaka, tafiyar ɗaruruwan kilomita, kowace litar dizal kuma kabon kilo 2.7 take saki.

Bulon siminti

Bulo mai inci 9 tsawonsa santimita 45 ne, tsayinsa da kaurinsa 22.5, guda 10 ke cika murabba'in mita. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ƙayyade ƙarfin dannin da zai jure, da ma'aunin da ake kira niyuton: 2.5 a kan kowane murabba'in milimita ga bangon da ba ya ɗaukar nauyi, 3.45 ga mai ɗauka. Kwaɓin 1 da 8, wato kwanon sarki 2 na siminti, buhu ɗaya ke nan, da kwano 16 na yashi, yakan ba da bulo wajen 25. A gidajen bulo na bakin titi ana fitar da 40, wani wurin har 50, shi ya sa tun wajen saukewa daga mota gefunansa ke ɓarɓashi. Wani zai ce ai wannan ma rage siminti ne. Ba ragi ba ne, bashi ne. Simintin da aka danne wajen bugu zai dawo ta bulon da ya fashe, da filasta mai kauri don rufe aibi, da ƙarin ginshiƙai, da bangon da zai tsage a sake.

A ɗauki tsaka-tsaki, bulo 30 a buhu. Bulo 10 sun ci kilo 17. Buhu ɗaya na kwaɓi yakan jera wajen bulo 50, kilo 10 ke nan. Filasta ciki da waje, kaurin santimita 1.2 zuwa 1.5, buhu yana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12, wajen kilo 9 ke nan. Jimilla kilo 36 na siminti, kabon kusan kilo 25. Bango mai inci 6 yakan tsaya wajen kilo 29 zuwa 30 na siminti.

A wasu wurare ba shi da abokin takara: harsashi, banɗaki, sokawe, da duk inda ruwa ke kwanciya. Kowane birkila ya iya shi, ana samunsa yau a jera gobe. Wanda ya tsaya a kansa yana da hanyoyin ragi. Bangon da ke raba ɗakuna ba ya buƙatar inci 9. Siminti mai lamba 32.5 ya isa kwaɓin jeri da filasta, kuma galibi kilinkarsa ba ta kai ta mai lamba 42.5 ba, a bar wannan ga dekin da ginshiƙi. Birkilan da ke jera bulo a miƙe da igiya da ma'auni ya rage maka filasta. Sai ban ruwa. Siminti ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi, kuma da ruwa yake nuna. Bulon da aka buga a hunturu aka bari iska na kaɗa shi, ko a Maris cikin rana, ya rasa ruwansa kafin ya nuna. Safe da yamma, kwana 7 aƙalla, a ƙarƙashin rumfa ko a lulluɓe.

Matsattsen bulon ƙasa

Wannan jar ƙasa ce da aka tankaɗe, aka gauraya da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, aka danne da inji. Ba a gasa shi, ba a zuba yashin rafi sai idan ƙasar ta buƙata. Injin hannu na farko da ya shahara an ƙera shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya a shekarun 1950, kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta ƙera nata. Iri biyu ake gani: lafiyayye mai santimita 29.5 da 14 da 9 wanda ake jerawa da kwaɓi, da mai haƙori mai kaurin santimita 22 wanda ke sarƙe juna ba kwaɓi.

Rabin aikin a ƙasar yake. A kwashe ta sama, santimita 30 zuwa 50, baƙa mai saiwoyi da taki, domin ruɓaɓɓen ganye yana hana siminti kamawa. Jar ƙasar da ke ƙarƙashi, wadda Zazzau ba ta rasa ba, ita ake so, amma ba kowace ja ba. A sami kwalba mai miƙaƙƙen jiki, a zuba ƙasa zuwa sulusi, a cika da ruwa, a ɗan barbaɗa gishiri, a girgiza, a ajiye kwana ɗaya. Yashi zai kwanta a ƙasa, laushin ƙasa a tsakiya, yumɓu a sama. Ana son yashi da ƙananan tsakuwa su wuce rabi, yumɓu ya tsaya tsakanin kashi 10 da 20. Yumɓu ya yi yawa, bulo ya tsattsage. Ya yi kaɗan, bulo ya wargaje wajen fitarwa daga inji.

Gwajin da ke gaya maka yawan siminti shi ne na akwati. Kafinta ya haɗa ɗan akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 4, zurfi 4. A shafe cikinsa da mai, a cika da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bar ta ta bushe sarai, sannan a tura ta gefe guda a auna giɓin da ta bari. Idan bai kai santimita 1.5 ba, kwano 1 na siminti ga kwano 18 na ƙasa. Daga 1.5 zuwa 3, 1 ga 16. Daga 3 zuwa 4.5, 1 ga 14. Daga 4.5 zuwa 6, 1 ga 12. Ya wuce 6, ƙasar ta cika yumɓu, a ƙara mata yashi a sake gwadawa, kada a yi ta ɗura mata siminti.

A tankaɗe da raga mai idon milimita 5 ko 6. A juya ƙasa da siminti a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa, ba a kwarara ba. A dunƙula a hannu a sake daga tsayin ƙirji: idan ya rabu gida 4 zuwa 6 ruwan ya yi daidai, idan ya baje kamar gari bai isa ba, idan ya lotse a dunƙule ya yi yawa. Kuskuren da ya fi lalata aiki shi ne leburori su kwaɓa tuli guda da safe su yi ta bugawa har azahar. Siminti yana fara kamawa cikin awa ɗaya, abin da aka matsa bayan nan tubalin toka ne. A riƙa kwaɓa abin da za a ƙarar a rabin awa. Bayan bugu a jera a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafi kwana 7 zuwa 14, kada a ɗora a bango sai ya cika kwana 28. Kafin a biya mai bugu, a jiƙa guda 3 a bokiti kwana ɗaya. Wanda ya fito da gefunansa a tsaye, ƙusa ba ta shige shi da sauƙi, ya yi.

A ma'aunin 1 ga 16, buhu yana cin kwano 32 na ƙasa, ya ba da lafiyayyen bulo 90 zuwa 100. Bango mai kaurin santimita 14 yana cin wajen guda 32, kilo 17 ke nan, sai kwaɓin ƙasa da ɗan siminti wajen kilo 4. Jimilla 21, kuma idan an jera da kyau ba sai an yi filasta ba. Mai haƙori yana da nauyin kilo 11 zuwa 12, guda 36 zuwa 40 a murabba'in mita. A kashi 5, shi ma wajen kilo 21 ne. Gidan ɗaki uku da falo mai bangon murabba'in mita 250 zai ci buhu 180 da bulo mai inci 9, buhu 105 da wannan. Bambancin buhu 75 ne, kabon sama da tan 2.5.

Masu tallarsa sukan tsaya a nan. Amma bulon ba shi da rami, duk jikinsa ƙasa ce mai siminti. Idan ƙasar ta tilasta kashi 8, mai haƙori ya haura kilo 33. Idan uwargida ta ce ba za ta zauna a jan bango ba aka yi filasta ciki da waje, an kai 42, an wuce bulon siminti. Haka idan aka ninka lafiyayyen bulo bango ya kai santimita 29.5. Ribar tana tabbata ne idan ƙasar ta dace da kashi 5 ko 6, tana kusa da fili ba sai tifa ta yi doguwar tafiya ba, kuma an yarda a bar fuskar waje ba filasta. Wanda bai cika waɗannan uku ba ya sake lissafi kafin ya yi hayar inji.

Wajen ɗora mai haƙori, layin farko a kan kwaɓi yake zama, a daidaita shi sosai, domin karkatar milimita kaɗan a ƙasa takan zama baki buɗe a sama. Layuka 3 na ƙarshe su ma da kwaɓi, sannan ɗamarar kankare mai rodi ta zagaye gidan gaba ɗaya a matakin linta. A shirya hanyar wayar lantarki da fanfo tun kafin a fara, sassaƙa bangon da ba za a yi wa filasta ba tabo ne na har abada. Birkilan da bai taɓa yi ba ya fara koyo a ɗakin maigadi, ba a falo ba.

Tubali da bulon laka

Ta fuskar ƙarancin kabon babu mai kama ƙafar ginin laka. Ƙasa, ruwa, ciyawa, rana. Bazazzagi kuma ba sai an kai shi wata ƙasa an nuna masa ƙarkon ginin ƙasa ba. Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, da tubali da azara aka ɗaure bakan gizonsa, har aka yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Tsohuwar majami'ar Wusasa ta 1929 ita ma ginin ƙasa ce. Sai dai a watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufta da masallata, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Mai maganar ginin ƙasa a garin nan dole ya riƙe duka biyun a ransa.

Maƙiyinsa ruwa ne, ta sama da ta ƙasa. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba, kuma hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa. Magina na da sun san haka, suna shafe shi da makuba ta kwasfar ɗorawa, rufin soro kuma da laso na katsin marina da gashi da dafara, ga yaɓe duk shekara kafin damina. Yau marina sun yi ƙaranci, giginyar azara ta yi wuya, mai gida kuma ba ya son ɗawainiyar shekara-shekara. Saboda haka rufin ƙasa ba shawara ba ce ga sabon gini.

Abin da ke aiki shi ne haɗin gambiza. Harsashi na dutse ko bulon siminti da aka cike raminsa, ya ɗago santimita 45 sama da ƙasa, wato layi 2. A shimfiɗa leda mai kauri a matsayin difisi don danshi kada ya hau. Bangon bulon laka kada kaurinsa ya gaza santimita 30, tsayinsa kada ya wuce kaurin sau 10. Ɗamara a sama, rufin kwano mai baki da ya fito santimita 60 ko fiye, da dakali mai gangara kewaye da gida. A riƙa duba hanyar gara a gindin bango, kada katako ya taɓa ƙasa.

Filastar siminti a kan laka ita ce babbar ɓarna. Laka tana shan danshi tana saki, tana ɗan kumbura tana motsewa, siminti kuwa a ƙame yake. Sai filastar ta tsage, ruwa ya shiga ya kwanta a bayanta ba hanyar fita, bango ya jiƙe a ɓoye, wata rana ta ɓamɓaro falle guda da naman bangon. Idan dole ne, a kafa ragar kaji da ƙusoshi tukuna, kwaɓin kuma ya zama mai rauni, 1 ga 10. Yaɓen ƙasa da yashi, ko na ƙonanniyar farar ƙasa, ya fi dacewa da shi.

Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 yana jinkirta zafin rana awa 8 zuwa 10 kafin ya ratsa, don haka ɗaki da sanyi da rana, da ɗumi a daren hunturu, fanka da janareta su huta. Amma a Maris da Afrilu zafin da ya tara da dare yake sakinsa, ɗakin da ba shi da tagogi masu kallon juna ba ya kwantuwa. Sannan ramin da aka haƙa kududdufi ne na gobe, matattarar sauro kuma haɗari ga yara. Ƙasar da ta fito daga harsashi da sokawe da rijiya a fara amfani da ita.

Jan bulo

Yana da kyau, ba ya tsoron ruwa, ba ya son fenti. Amma ana gasa shi a zafin digiri 900 zuwa 1,000, kowane kilo yana sakin kabon wajen kilo 0.2. Cikakken bango mai kaurin inci 9 ya kai kilo 300 a murabba'in mita, kabon kilo 60 ke nan tun ba a sa kwaɓi ba, ninki biyu na bulon siminti da ɗoriya. Wanda aka gasa da itace kuma daji ya ci, ga shi wani ya ƙone wani bai nuna ba. Gurbinsa ado ne a fuskar gida, ko layukan ƙasa inda ruwa ke fantsama.

Simintin da ba a bango yake ba

Sau da yawa ana ta ja-in-ja a kan bulo alhali buhunan wani wuri suke tafiya. Fili mai ƙafa 50 da 100 kewayensa mita 90 ne. Katanga mai tsayin mita 2.4 ta kai murabba'in mita 216, kusan bangon gidan gaba ɗaya, wajen buhu 150 idan inci 9 ce da filasta. Ba ta ɗauke da rufi, ba mai kwana a cikinta. Matsattsen bulo da hular kankare a kansa ya ishe ta, kuma nan ne wurin gwada shi ga mai shakka. Dekin mai kaurin santimita 15 a gida mai faɗin murabba'in mita 120 kankare ne kubik mita 18, buhu 110 ko fiye, ban da rodi sama da tan guda. Wanda ya zuba shi da niyyar hawa bene wata rana, ranar kuma ba ta zo ba, ya binne fiye da abin da zai rage a bango. Jaman fulo, wato kankaren daɓen gida, na santimita 10 a kan cikon da aka daddage sosai ya isa gidan da ba bene ba, ƙarin santimita 5 buhu 25 ne da wani abu. Malala siminti a tsakar gida duka kuwa zafi yake ƙarawa, ya tura ruwa gidan maƙwabci. Kaurin dekin da yawan rodi dai aikin injiniya ne, ba wurin tsumulmula ba ne.

Ana maganar tokar ɓuntun shinkafa a madadin kashi 10 zuwa 15 na siminti. Gaskiya ne, amma sai an ƙona ta a zafin digiri 600 zuwa 700 an niƙa ta lukui. Baƙar tokar da aka kwaso daga juji a bayan injin casa raunana kwaɓi kawai za ta yi.

To wa zai ɗauki wanne? Mai bene, ko mai fili a fadama kusa da Kubanni ko Galma inda ruwa ke kusa, ya tsaya a bulon siminti mai inganci, inci 6 a ciki, ya nemi ragi a katanga da tsakar gida. Mai gidan da ba bene ba a kan tudu, wanda gwajin akwati ya ba shi 1 ga 16 ko 1 ga 18, kuma jan bango bai dame shi ba, matsattsen bulo ya fi masa, haka makarantar Islamiyya ko shaguna inda bango ke da yawa. Mai ƙaramin ƙarfi, ko mai gini a gona ko ƙauye, bulon laka a kan harsashin siminti ya fi masa bulon 50 a buhu nesa ba kusa ba. Waɗanda suka zaɓi ginin ƙasa su haƙa a Oktoba da ɗaukewar ruwa, su yi gwaji a makon farko, su buga a Nuwamba da Disamba da leda a hannu saboda iskar hunturu, su ɗora a Janairu da Fabrairu, kwano ya hau kafin hadarin farko na Afrilu.